Shekarar da Takarkari Ya Shiga Lakwal

Ina da wani ɗan hali da matata Marta ta gaji da yi mini magana a kansa. In na ji rabin zance ba na tsayawa jiran sauran, ni nake ƙarasa shi a hanya, kuma kafin in kai gida na riga na yarda da abin da na ƙarasa. Yawanci ba ya jawo mini komai sai dariyar mutane. Sau ɗaya dai ya taɓa jakata.

Ni ne Sila, mai wankin asibitin mishan. Zannuwan gado, rigunan likita, tsummokaran ɗakin haihuwa, duk ta hannuna suke bi. Mai wanki kuwa ba shi da abokin aikin da ya wuce mai kawo masa ruwa, ni kuma Aura ce ke kawo mini. Jaka ce mai natsuwa, ta san hanyar rijiya fiye da yadda na san hanyar majami'a. Ba ta harbi, ba ta cizo, kuka ma sai ta ga dalili. In babu ita, ruwan wankin nan a wuyana zai hau, wuyan kuma ya daɗe da wuce shekarun ɗaukar tulu.

Ƴan shekaru bayan Faransawa sun miƙa mulki, ɗiyata Esther ta kai ajin ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko. Yarinyar tana da kai, sai dai rubutun Faransanci ya tsaya mata a wuya, ga jarrabawar shiga kuleji tana tafe. Malamin ajinsu, Mushe Hamidu (mushe ake ce wa malamin lakwal a wurinmu), ya tare ni a bakin rijiya ya ce in ina so zai riƙa zaunar da ita ranar Alhamis, tunda ba a lakwal ranar, ya gyara mata hannu. Ba kyauta ba. Ban ga laifinsa ba, ranar hutunsa ce zai sayar mini. Matsalar ita ce kuɗin da ke hannuna iri ɗaya ne, wato abin da nake tarawa cikin gwangwanin madara don lanho, harajin kai da ake biya kowace shekara bayan girbi. Na ce masa zan yi tunani. Na yi ta tunani, gwangwanin bai ƙaru ba.

Ana cikin haka, wata safiya ina shanya a bayan ɗakin haihuwa, sai na ga Malama zaune a inuwa da takardu a cinya tana tsaki. Malama baturiya ce mai karɓar haihuwa, ta daɗe a wurinmu har Hausarta ta fi ta wasu ƴan birni daɗi. Na tambaye ta ko lafiya, ta ce takardun harajin ƙasarsu ne suka biyo ta har nan. Na yi mata jaje, don ban san lanho yana hawa jirgi ba. Ta yi dariya ta ce nasu yana da ɗan sauƙi ta wani gefe: mutum yakan rubuta abin da ya ba majami'a da abin da ya kashe a asibiti, sai gwamnati ta rage masa.

Na ce, "Gwamnati da kanta ta rage?"

Ta ce, "Ta rage." Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, ni kuwa na riga na ɗauki kwandona, don na ji abin da nake so.

Tsakanin igiyar shanya da ƙofar gidana na ƙarasa zancen. Asibiti don jiki ne, an cire. Majami'a don rai ce, an cire. To karatu fa, da yake don kai ne, shi kan da a kansa ake biyan lanhon? Ai shi ya fi cancanta. Gwamnatinmu kuwa wurin Turawa ta koyi karɓar haraji, ba yadda za a yi ta koyi karɓa ta bar ragewa. Da na shiga gida na shimfiɗa wa Marta wannan lissafi tana murza ƙuli-ƙulin da take sayarwa a ƙofar asibiti. Ba ta ɗago kai ba.

Ta ce, "Baban Esther, a ƙasarsu ta ce ko a ƙasarmu?"

Na ce gwamnati gwamnati ce. Ta ce in koma in tambaya. Na ce namiji ba ya tambayar abu sau biyu kamar wanda bai gane ba. Ta ce to, ta ci gaba da murzawa. Alhamis ɗin nan Esther ta fara zuwa wurin Mushe Hamidu, gwangwani ya fara ramewa, kafin a ɗaure gero rabinsa ya tafi.

Ko da yake a asibiti nake zaune, kaina a ƙauyenmu ake ƙidaya shi, can cikin duwatsu bayan Deule, ƙasar Buza. Can gidan ubana yake, can nake biyan lanho, ni da Marta. Mutanen ƙauyen musulmi ne. Lokacin da na bi addinin mishan an yi ta gunaguni, daga baya aka saba, musamman da aka ga duk wanda ciwo ya kai asibiti yana samun tabarma da fura a gidana. Da lokaci ya yi muka kama hanya da Aura, Marta ta hau rabi, ni in hau rabi.

Mun iske kasuwar Deule tana ci, nan na yi karo da Jima, ɗan gwaggona, taubashina, wanda tun muna yara bai taɓa ganina ya bar ni na wuce lafiya ba. Bai gaishe ni ba sai da ya gama duba haƙoran Aura.

Ya ce, "Bawana, na ji labari ka zuba kuɗin lanho cikin kan ɗiya mace. To bana dai jakar ga tawa ta. Ka riƙa ba ta dusa kafin in amsa."

Da mutum mai hankali ne, da ya yi murmushi ya wuce. Ni sai na zauna a rumfar mai shayi na yi wa Jima bayani, da shi da duk wanda ke da kunne a wurin. Kafin shayi ya huce, abin ya zama doka a dukan ƙasashen Turawa. Kafin a zuba na biyu, dokar ta iso Yamai tana hanyar Tawa. Na ce duk abin da mutum ya kashe a kan karatu ana cire masa daga lanho, wanda bai sani ba ne kawai ke biya cikakke. Jima ya saurara shiru, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Da ina da wayo, nan ya kamata in tsorata.

Ranar rabon lanho magidanta suka taru da hantsi a ƙarƙashin bagaruwar ƙofar mai gari, mata kuma suna bayan darni, wai suna sussuka. Mai garinmu Alƙasim tsoho ne siriri mai magana a hankali, ba ya karatu, da tsakuwa yake lissafi, tsakuwa kuwa ita ce abin da Allah bai hana ƙasarmu ba. Yadda abin yake, Buza takan aiko da jimlar abin da gari zai biya, shi kuma ya raba wa gidaje. Kowane gida da tsibinsa a ƙasa, kowace tsakuwa dala ashirin. In ya kai kuɗi Buza da giɓi ko na dala ɗaya, shi za a zaunar a rana a ƙofar kumandan, shugaban hukumar Buza, ba mu ba.

Da aka zo kan tsibina na miƙe, na gyara riga, na yi jawabi. Na kawo jiki, na kawo rai, na kawo kai. Na ambaci Mushe Hamidu da ranakun Alhamis. Ni kaina na ji daɗin jawabin. Alƙasim ya bari na gama, ya tambayi wanda ya faɗa mini, na ce baturiya ce, da bakinta. Ya daɗe yana shafa gemu.

Ya ce, "Kakanninmu sun biya Abzinawa da damen hatsi, ubanninmu sun biya Nasara da tamma, ba wanda aka taɓa tambaya mi ya koya. Amma tunda duniya ta ci gaba, ba mu zama baya. Kawo ƙwarya."

Aka kawo ƙwarya. Ya tsinci tsakuwa biyar daga tsibina ya jefa ciki. Ban taɓa jin kiɗa mai daɗin ƙarar tsakuwar nan ba. Abin da ya rage daidai yake da abin da ke cikin gwangwanina. Na waiga wajen darni don Marta ta ga fuskata, na waiga wajen Aura da ke ɗaure a gindin bagaruwa, na koma na zauna kamar alƙali.

Sai Alƙasim ya ce doka in ta zo gari ba ta sauka gida ɗaya, ko akwai wani mai karatu?

Can sai Jima ya yi gyaran murya.

Kafin ya yi magana wasu suka riga shi, don ashe zancen rumfar shayi ya kwana a kowane gida. Wani magidanci, Ɗangana, ya ce yaransa suna makarantar allo, kowace Laraba yana kai wa malam kuɗin Laraba, babban kuma ya sauke bana, an yanka rago. Ba wanda ya isa ya ce wannan ba karatu ba ne, ni ma da nake Kirista ban isa ba. Aka cire. Wani ya ce ya kai ɗansa wurin maƙeri yana koyon ƙira, ya ba da dame. Aka cire. Daga bayan darni Iya Cima, wadda mijinta ya rasu take riƙe da gida, ta aiko da murya cewa ta biya wata mata daga Madawa ta koya wa jikokinta saƙar tabarma mai zane. Alƙasim ya ce a kawo tabarmar a gani, aka kawo, ya zauna a kai, ya ce karatu ya yi kyau, aka cire. Wani tsoho ya ce awakinsa sun shiga gonar mutane da damina an ci shi tara, kuma tunda aka haife shi ba karatun da ya shiga kansa kamar wannan. Aka yi ta dariya, mai gari ya cire masa rabi, ya ce sauran rabin sai an ga ko ya riƙe abin da ya koya.

Ni dai ina zaune ina jin daɗi, ina ganin na kawo wa garinmu alheri. Sai Jima ya tashi.

Ya ce shi takarkarinsa ya sa a lakwal. Kowa ya san wannan sa, baƙi mai ƙaho ɗaya a karkace, da yake kai masa kaya kasuwar Tabotaki. A shekarun nan ne ma'aikatan gona suka fara yawo da garmar shanu suna cewa a bar hauya. Jima ya ce ya ɗauko wani mai horon shanu daga Madawa, ya ajiye shi a gida, ya ci da shi, ya biya shi, don ya koya wa takarkarin jan garma. Da ya faɗi abin da ya kashe, sai da wani ya yi salati. Ya fi lanhon gidansa gaba ɗaya.

Na miƙe na ce wannan wasa ne, sa ba ɗan lakwal ba ne.

Jima ya ce, "Da sahe shika tahiya. Shina da mushe. In ya yi kuskure a buge shi. Mi ya rage?"

Na ce ai ba ya jin Faransanci.

Ya ce, "Shina ji. In an ce a gosh shi yi hagu, in an ce a durwat shi yi dama. Ɗiyarka in an ɗaura mata garma ta iya?"

Wurin ya ɗauki dariya har mata suka daina sussukar da dama ba yi suke ba. Alƙasim ya ɗaga hannu, ya dube ni, ya ce tunda ni na ji dokar daga bakin mai ita, in faɗa tsakanina da Allah: baturiyar ta ce ban da dabba? Ni mai zuwa majami'a ne, ba zan yi ƙarya a gaban jama'a ba. Na ce ba ta ce ba. Ban ƙara da cewa akwai abubuwa da yawa da ba ta ce ba. Alƙasim ya share tsibin Jima kaf ya zuba a ƙwarya, har ƙasar wurin ya shafa da tafin hannu.

Daga nan ba a sake samun jahili a garinmu ba. Wanda bai biya karatun ɗa ba ya biya na ƙane, wanda ba shi da ƙane ya tuna ya taɓa ba wani goro ya nuna masa yadda ake haƙa rijiya. Rana ta take tsaka, ƙwarya ta cika har tana zuba, tsibin da ke ƙasa suka koma kamar kashin awaki.

Alƙasim ya ɗaga ƙwaryar da hannu biyu, ya girgiza ta a hankali.

Ya ce, "To, jama'a, an cire ma kowa. Wanga kuma wa za shi kai ma Buza?"

Wani ya ce a gaya wa kumandan kuɗin karatu ne. Alƙasim ya ce ya yarda, zai je ya faɗa, in dai Sila zai raka shi ya zauna kusa da shi a rana yana yi wa kumandan bayanin jiki da rai da kai. Kowa ya juyo yana dubana. Na ce ina da wanki yana jirana. Ya ce haka ya zata. Buza, in ji shi, jimla ta aiko, jimla take jira, ba ta san Mushe Hamidu ba, ba ta san takarkari ba. Abin da aka cire wa mutum an cire masa, ba ya mayar da magana, amma abin da ke cikin ƙwarya na gari ne, gari zai ɗauka, gida gida, daidai wa daida.

Ya tashi da ƙwaryar ya fara zagayawa, yana ajiye wa kowane gida tsakuwa ɗaya, ya dawo ya sake. Ina kallon tsibina yana tsiro kamar gero a ƙasar fadama. Da biyar ɗina suka dawo na ce a raina to, an yi kunnen doki, mu tashi. Ƙwarya ba ta ƙare ba. Ya sake zagayowa, ya kuma sake. An cire mini biyar, an mayar mini bakwai. Karatun Esther, da na ɗauka shi ne babba a ƙasar Adar, ashe yana cikin masu araha a garinmu.

Waɗanda suka ci riba suka yi ta sa mini albarka, waɗanda suka faɗi suna dubana kamar na zuba musu ƙasa a fura. Ni kuwa lissafi ɗaya nake yi: gwangwanina ba ya kai, kuma abin sayarwa ɗaya gare ni, ga ta can tana kaɗa wutsiya. Jima, wanda bana lanhonsa ya koma na almara, ya riga ya isa gindin bagaruwa yana shafa mata wuya. Ya ce shi ba mugu ba ne, zai taimaki bawansa da abin da dokar bawansa ta rage masa. Ya taya. Tayin bai kai kuɗin akuya mai ciki ba. Na ce albarka, amma muryata ko ni ban yarda da ita ba. Ya ƙara kaɗan, yana gaya wa mutane zai sa ta ita ma a lakwal ta koyi jan amalanke.

Sai aka ji murya daga bayan darni ta taya sama da nasa.

Jima ya waiga ya ce wace ce. Marta ta fito tana kwance bakin zanenta, inda kuɗin ƙuli-ƙuli ke kwana. Ta durƙusa ta gaida mai gari, ta ce jaka dai ana sayarwa a fili, ita ma da kuɗinta. Jima ya ce ina aka taɓa ganin mace ta sayi kayan gidan mijinta. Alƙasim ya ce ya gani sau da yawa, abin mace nata ne, kuma baturiya ba ta ce ban da mata ba. Jima ya ƙara, Marta ta ƙara. Ya sake ƙarawa, ta dube shi ta ce, "Taubashin mijina, ka bar saura don takarkari, kila shi zarce kuleji." Aka kwashe da dariya, Jima ya saki igiya ya ce ya bar wa matar bawansa, sadaka.

Ciniki ya faɗa. Na karɓi kuɗi daga hannun matata a gaban garinmu duka, na cika lanho, na miƙa wa Alƙasim. Ya karɓa ya ce an gode da doka, amma daga baɗi duk wanda ya sake kawo ta shi zai ɗauki ƙwarya.

Da za mu koma na kama igiya zan hau rabina, Marta ta ce wane rabi. Ta hau tun daga ƙofar mai gari har ƙofar asibiti, ina gaba ina ja. A hanya ta yanka mini kuɗin haya, kowace ranar kasuwa, ban da dusa, dusa a kaina take. Na ce ai gida ɗaya muke. Ta ce gari ma ɗaya ne, amma kowa da tsibinsa.

Ban yi asara duka ba, kada a ce na ɓoye alheri. Esther ta ci jarrabawa ta tafi kuleji a Tawa, wasiƙarta ta farko Mushe Hamidu ya duba bai sami kuskure ba sai ɗaya, ya ce shi ma na gaggawa ne. Aura tana nan tana kawo ruwa, ba ta san ta canza hannu ba, ko kuma ta sani ba ta damu ba. Takarkarin Jima da ruwa ya sauka aka ɗaura masa garma, ya yi hagu, ya yi dama, ya kwanta a tsakiyar gona, ya koma kai kaya Tabotaki. A ƙauyenmu har yau in ana lissafin shekarun yaro akan ce an haife shi shekarar da takarkari ya shiga lakwal, kuma in na je gida Ɗangana yakan aiko mini da fura, don bai taɓa biyan lanho mai sauƙin na shekarar ba. Ko mene ne aka ce, ni ne mutum na farko a ƙasar Buza da aka cire wa kuɗin karatu daga haraji, a gaban shaidu.

Bayan mun dawo da ƴan kwanaki na iske Malama a inuwar nan, na ba ta labari tun daga rumfar shayi har ƙwarya. Ta yi dariya har ta share ido da gefen rigarta. Da ta natsu na ce mata ƙasarmu ce dai ba ta waye ba tukuna, da a ƙasarsu ne da yanzu jakata tawa ce.

Ta ce a ƙasarsu ma ba a cire kuɗin malamin gida.